Mutum ɗaya da nake nema a Ngong

Na yi kwana shida a Ngong ina bin gidaje da kwamfutar hannu, ina ƙidayar masu aiki da marasa aiki, amma ban samu marar aiki ko ɗaya ba. Dokar da aka koya mana a Garoua ita ce, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya aka biya shi cikin kwana bakwai da suka wuce, yana da aiki. To wa ya rasa awa ɗaya a Ngong? Har tsohuwar da ke kasa gyaɗa a ƙofar gida ta shiga.

Shugabarmu, Madam Honorine, ta kira ni ta ce gari guda ba ya rasa marar aiki, da alama a ƙarƙashin bishiya nake cike amsoshin da kaina. In na koma haka, ba za ta sabunta mini kwantiragi ba. Hankalina ya tashi, domin shekara uku na yi da digirina a akwati kafin in samu wannan.

Da la'asar Allah ya haɗa ni da Mahamat, tsohon direban babbar mota, zaune kan benci a bakin hanya. Wata takwas ke nan da aka sayar da motar, kullum yana neman wata, ba gona, ba tireda. Kunya ta hana ni rungumarsa. Mun fara tambayoyi ke nan caji ya ƙare.

Na ce sai gobe. Da yake an ba mu lissafin gidajen wata unguwa da na kasa ganewa, na roƙe shi ya raka ni. Muka yi ta zagaye har magariba, yana nuna mini gida-gida, jakata a kafaɗarsa. Ni kuma, don a san ɗan mutunci ne, na danƙa masa kuɗi, sefa dubu ɗaya.

Washegari na same shi ya yi wanka, ya sa riga mai guga. Na karanto tambayar awa ɗaya ina murmushi, yatsana na kan "a'a".

"Na yi," in ji shi. "Jiya, wajenka. Awa biyu da rabi."

Na yi ta bayani cewa wannan alheri ne kawai, irin na 'yan'uwantaka. Har na ji bakina yana cewa jakar ma ba ta da nauyi.

Ya dube ni ya ce, "Malam Muntaka, jiya na shiga gida na ce wa matata daga aiki nake. Kada ka mai da ni maƙaryaci."

Na dubi allon, ina tuna muryar Madam. Sannan na danna "e". Tambaya ta gaba ta fito, tana neman sunan wanda ya ɗauke shi aiki, na rubuta nawa.