Shafi Biyu a Kan Fumfuna

Dillali bai gama murɗa makulli ba Mai Fenti ya riga ya gane ɗakin. Duk da haka ya shiga. Bai tsaya a tsakiya ba, inda ake so mai neman haya ya tsaya yana kallon silin yana gyaɗa kai. Kusurwar bayan ƙofa ya nufa, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a bango daidai gwiwa. Sanyi ya ji, irin na kwalbar da aka ciro daga firij.

"Ka ga fari ko?" in ji dillalin. Ba-Matsala ake kiransa, domin ko rufi ne ya faɗo wa mutum a ka, abin da zai fara fita daga bakinsa ke nan. "Kamar asibitin masu kuɗi. Madam tana shigowa za ta miƙe."

"Ni na yi shi."

"To, ka ga ma hannun gwani ne."

"Na ce maka ni na yi shi. Kai ka kira ni, dab da saukar ruwa. Baƙin da na kankare a nan ya kai ƙirjina."

Ba-Matsala ya sosa ƙeya, ya dubi ɗakin kamar yau ya fara ganinsa. "Au, wannan ne? Ba matsala, mu je na gaba."

Sun daɗe tare, shi da dillalin. Idan ɗan haya ya tashi ya bar bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, Mai Fenti ake kira. Yana da yadda yake yi, kuma yana alfahari da shi. Zai kankare baƙin da ƙarfe, ya wanke da ruwan bilic, ya cike ramuka da foti, sannan ya bi da fenti mai sheƙi. Shafi ɗaya yakan riƙe har sabon ɗan haya ya shigo da kayansa. Shafi biyu kuwa yakan kai tsakiyar damina, lokacin mutum ya riga ya kafa labule, ya sa yara a makarantar unguwa, ba shi da ƙarfin sake tashi. Mai Fenti bai taɓa kiran wannan ha'inci ba. Shi dai nasa fenti ne. Gyaran bango aikin magini ne, kiran magini na mai gida ne, mai gida kuma kullum ya yi tafiya.

Ɗaki ɗaya ne kawai rolar fentinsa ba ta taɓa hawa ba, shi ne nasa. Matarsa ce ta hana. Duk sanda ya dawo da ragowar fenti ya ce bari ya ɗan goge musu bangon bayan gado, sai ta tare ƙofa. "Ka kai can, Maigida. Ni ba baƙuwa ba ce da za ka rufe wa ido. Ka bar min shi in riƙa ganin abin da ke cina."

Yana cinta ɗin kuwa. Tun da aka ɗaga titin gabansu, gidan ya koma kamar kwano, ruwan layi duka nan yake taruwa. Bayan bangon gadonsu kuma kwatar banɗakin maƙwabta ce ta bi. Takalmin da ya kwana biyu a ƙarƙashin gado sai ya fito da koren gashi. Ta shanya katifa, ta shanya tufafi, ta ɗaure hanci da ɗankwali ta goge bango har hannunta ya saɓule, mako bai zagayo ba baƙin ya dawo, har da 'yan'uwansa. Tun tana tari da safe kawai, har ta kai ga numfashinta na fito kamar butar shayi. Yanzu haka tana kwance a asibiti, kuma wannan kwanciyar ba ita ce ta farko ba a daminar nan.

Da safiyar yau likita ta ja shi gefe a bakin ɗakin mata. Yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yarsu ba, amma idanunta sun gaji.

"Baba, ɗakin da kuke kwana yana da danshi?"

Saura kaɗan ya yi dariya. Ya dai ce, "Akwai kaɗan."

"Gobe zan sallame ta, muna buƙatar gadon. Amma ka saurare ni da kyau. Huhunta ya gaji, maganin shaƙar ma ya fara daina yi mata aiki. In ka mayar da ita ɗakin nan, za ka dawo min da ita, kuma ban san a wane hali ba."

"In an goge fa, likita? In aka yi masa fenti mai kyau?"

"Fenti ido yake yi wa magani, Baba. Ita da hanci take shaƙa."

Shi ya sa yau bai ɗauki bokiti ba. Ya wanke hannu har ƙarƙashin farce, ya sa rigarsa ta fita, ya hau bayan babur ɗin Ba-Matsala, a karo na farko a matsayin mai neman ɗaki.

Ɗaki na biyu yana bayan wurin wankin mota. Bai ma sauka daga babur ba. Daga nan yana hango ruwan sabulu yana gangarawa yana shigewa gindin ginin, kuma ya tuna matar da ta tashi daga ciki, wadda ta bar kwalaben maganin tari jere a kan taga, shi ya kwashe su kafin ya fara aiki. Na ukun a bene yake, ya ɗan yi murna, domin ruwan ƙasa ba ya hawa matakala. Suna shiga ya ɗaga kai, sai ga silin ɗin da ya sha fama da shi, wanda tankin ruwa ke zaune a kansa yana yoyo tun ba yau ba. Har ya fara kumbura a tsakiya, fari tas, kamar ƙurji da ya nuna.

"Kai dai matsalarka ka san da yawa," in ji Ba-Matsala suna saukowa. "Da wani na kawo, da tuni ya karɓi makulli yana sa min albarka."

"Ba ka da wanda ban taɓa ba?"

"A garin nan? Ai kai ka shafe garin nan kaf." Ya karkaɗa makullai. "Tsaya. Akwai ɗaya can bakin gari, shekaranjiya ya shigo hannuna. Ba ka taɓa ganinsa ba. Ba matsala, hau mu je."

Suka bi ta kasuwa, suka ratsa tashar bas, kwalta ta ƙare suka shiga taɓo. Gidan na ƙarshen layi ne, ƙofofi jere suna kallon tsakar gida ɗaya. Wata mata tana wanki a bakin famfo, ta amsa sallamarsu ba ta ɗago ba.

Ɗakin ya fi nasu faɗi. Taga biyu gare shi, ɗaya na kallon ɗaya, iska na ratsawa. Rana ta shigo ta kwanta a kan siminti. Mai Fenti ya ɗora hannu a bangon gabas, ya ji ɗumi. Ya matsa ya sake taɓawa, ɗumi. Nan da nan ya fara rabon wuri a ransa: gado a nan ƙarƙashin taga, kujerarta a can inda rana ke faɗawa, ƙusar rataye abin shaƙa kusa da kanta. Har ya ga kansa yana gaya mata, tana harararsa tana cewa sai ta gani da idonta.

Sai hancinsa ya ɓata masa rana. A ƙarƙashin warin sabon fenti akwai wani wari siriri, mai yaji, wanda ya sani fiye da warin jikinsa. Bilic ne. Ya tsaya cak. Ya so ya bar abin a haka, wallahi ya so. Amma ƙafafunsa suka kai shi bangon yamma, wanda ke jingine da banɗakin gidan, ya durƙusa, ya danna babban yatsa dab da ƙasa. Foti ya lotsa kamar ƙullu. Ya sa farce ya ɓantare kaɗan, baƙi ya leƙo.

"Na baya ma da tari suka tashi," in ji mai wankin daga waje, ba tare da an tambaye ta ba. "Jaririnsu kullum yana asibiti."

Ba-Matsala ya harari ƙofa, sannan ya sauke murya. "Kana jinya, aiki kuma ba ya jira. Wani na sa. Amma na tsaya a kansa, na ce ya yi yadda kake yi. Shafi biyu, kamar naka."

Mai Fenti ya dubi bangon sama da ƙasa. Aiki ne mai kyau, babu zirin burushi, babu ɗigo. Da ba shi ba ne, da ya yaba.

"Don Allah, ɗan'uwa," ya ce, har yanzu yana durƙushe. "Ka bar maganar sana'a. Rai ne. Duk cikin makullan nan babu busasshen ɗaki ko ɗaya?"

Dillalin ya juya makullan a hannunsa. "Busasshen ɗaki ba ya zuwa hannuna. Wanda ya same shi ba ya tashi, sai dai a fitar da shi a kafaɗa. In ma ya zo, ba irina da irinka ke shiga ba." Ya mayar da makullan aljihu. Wannan karon bai ce ba matsala ba.

A hanyar dawowa Mai Fenti ya sake bin duk ƙofofin da ya riga ya ƙwanƙwasa, ko akwai wadda ya tsallake. Ƙanwar matarsa, wadda ke jinyarta, ɗaki ɗaya gare su da miji da yara, har ƙarƙashin tebur akwai mai kwana. 'Yarsu tana aure a nesa, a gidan surukai, ita ma a takure take. Wani magini abokinsa ya taɓa zuwa ya duba nasu bangon, ya ce sai an fasa shi tun daga tushe, an kuma kawar da kwatar maƙwabta. Mai kula da gidan ya ce zai gaya wa mai gida, mai gida ya ce a jira rani. Rani ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce.

La'asar ta yi lokacin da ya buɗe ƙofarsa. Warin ya tare shi kamar mai gida ya tari baƙo. Ya ja gado tsakiyar ɗaki. Baƙin ya haura inda ya bar shi, ya kama gefen katifa, ya shiga bayan hoton aurensu har fuskarta ta yi tabo. Ya zauna a bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma babu wanda zai gaya wa. Gobe da hantsi zai kawo ta nan, domin babu wani wurin.

Ya tashi ya tuɓe rigar fita, ya rataye ta. Ya jawo bokitin ragowar fenti daga lungu, ya fasa fatar da ta bushe a sama, ya motsa. Ya kankare, ya wanke, ya cike. Hannuwansa sun san aikin, ba su nemi shawararsa ba.

Ya kai rabin bango wayarsa ta yi ƙara. Ya maƙale ta a kafaɗa, rolar na ci gaba da hawa da sauka.

"Maigida." Muryarta ƙasa-ƙasa, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ka samu?"

"Ana nan ana dubawa. Akwai wani da aka ce in gani da safe."

Yana jin fiton ƙirjinta, da ƙarar keken marasa lafiya a bayanta. Sai a lokacin ya tuna ya tsayar da hannunsa, amma ya makara. Matar da ta shekara da shekaru tana wanke kayan aikinsa ba ta buƙatar a gaya mata.

"Rola nake ji?"

Ya jira faɗan, har ya ƙagu ya ji shi. Ya so ta ce ka kai can, ta ce ni ba baƙuwa ba ce, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta.

"To," ta ce. Ta ja numfashi, ya daɗe kafin ya isa. "Ka yi masa biyu. Ɗaya ba zai riƙe bangon nan ba."

"Maman yara..."

"Ka bar taga a buɗe kuma, warin ya fita kafin in zo."

Ta kashe. Ya tsaya da wayar a kafaɗa, yana kallon inda ya fara shafawa. Fentin bai ko bushe ba, amma can ƙasa, daidai inda kanta ke kwanciya, wata inuwa toka-toka ta fara bayyana. Ya buɗe taga, ya sake tsoma rolar a bokiti.