Akwatin Suzana

Irmiya kafinta yana buga ƙusa ta ƙarshe a akwatin gawar matarsa Suzana, sai ya ji takun mutane a ƙofar gida. Ya ɗauka 'yan dubagari ne. Tun da annobar marisuwa ta shigo Tudun Wada, duk gawar da ba ta da masu binnewa, amalanken dubagari ke kwashe ta a zuba a rami ɗaya bayan gari. Shi kuwa wa gare shi? Tun ranar da ya bi 'yan mishan maƙwabta suka daina karɓar tuwon gidansa, gaisuwa ma sai ta gefen baki.

Ya leƙa. Malam Kailani ne, ladanin unguwa, da Nagoda mahauci, ƙasa har gwiwa.

"Mun ji abin da ya faru," in ji Kailani. "Salla dai ba za mu yi mata ba, ka sani. Amma mun haƙa."

Suka kama akwati su uku har gefen gonar Nagoda.

A nan aka tsaya cirko-cirko. Bayin Allah sun haƙa kabari yadda suka saba tun kakanni, sama da faɗi, ciki kuwa ɗan siririn rami daidai kwanciyar mutum a likkafani. Akwati ya zauna a baki, ya ƙi shiga. Can kan hanya aka fara jin kukan ƙafar amalanke.

"A fito da ita mana, a naɗe a zane," in ji Nagoda. "Ga su nan tafe!"

Irmiya ya dafa akwatin. In ya ƙi, mutanen nan za su iya karkaɗe riga su tafi, su bar shi da dubagari. In ya yarda, ya ci amanar mamaciya.

"Malam," ya ce da ƙyar, "a akwati ta ce, yadda ake yi a wajenmu."

Kukan amalanke na ƙara matsowa. Sai Kailani ya tuɓe riga ya dira cikin ramin.

"Nagoda, miƙo dagi, mu faɗaɗa." Ya ɗago kai. "Kai kuma Irmiya, daina kuka ka gaya mini, a wajenku ina kanta ke kallo?"