Ɗakin da Aka Gina wa Inna

Ga ta nan, ga ta nanku. To, tun da kun ce ta zo ku ji ta, ku matso kusa. Ba ta da tsawo, nauyi ne da ita.

A wata makarantar kwana ta 'yan mata, an yi wata dattijuwa mai kula da ɗakunan kwana. Kowa Inna yake ce mata, har da Shugabar makarantar, wadda ita ma a hannunta ta tashi tun tana 'yar aji ɗaya mai fitsarin kwance. Inna ce mai tashin yara da sassafe, ita ce mai duba kai saboda ƙwarƙwata, ita ke gane wadda ke kukan kewar gida da wadda ke kukan ƙin zuwa aji. Ko hutu aka yi ba ta motsawa, domin ba a rasa 'yan tsirarun da gidajensu suka yi nisa, ko waɗanda ba su da mai zuwa ɗaukarsu. Ita ke zama da su har a dawo.

Ana gobe za a rufe makaranta, Inna tana zaune a kan buhun shinkafa a ɗakin girki, tana bitar wata magana.

"Sake faɗa in ji," in ji Mai Girki, ƙawarta, tana juya tukunya.

"Yara, na gode. Amma bana zan tafi gida."

"Haka za ki faɗe ta, kamar mai roƙon gishiri? Ke da in kika daka tsawa har ƙadangaru ke sakin bango!"

"Ke dai ji da tukunyarki, ta fara kamawa."

Abin da ya sa Inna take son tafiya, Yayarta ce. Yayar nan ita ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta tauna ta ba ta. Ga shi yanzu ɓarin jikinta ya shanye, tunaninta kuma yana zuba kamar ruwa a kwando. Ɗan Yayar, wani direban babbar mota, ya kira a waya ya ce, "Inna, jiya ta tambaye ni ko ni wane ne. Amma duk wanda ya shigo sai ta ce, ina Auta? Ke kaɗai kika rage a bakinta. Ki zo tun tana nemanki."

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, Inna ta je ofishin Shugaba da maganar ajiye aiki. Kafin ta buɗe baki Shugaba ta miƙe ta ba ta kujerarta, ta aika a kawo shayi, ta ce da murmushi, "Inna, bari dai mu wuce Ranar Godiya, za ki ga komai ya warware." Shi ya sa Inna ta yanke cewa a bainar jama'a za ta faɗa. Magana zarar bunu ce, in ta fita a gaban mutane babu mai mayar da ita.

Ranar Godiya kuwa ita ce ranar ƙarshe ta shekarar karatu. Kafin iyaye su kwashe 'ya'yansu, ana taruwa a babban zaure, kowane aji ya tashi ya gode wa mutum ɗaya. Wanda aka gode wa, a miƙa masa abin magana ya ce wani abu. Aka gode wa malamar lissafi, yara suka ce sun yafe mata. Aka gode wa Maigadi, ya rikice ya sara wa abin maganar. Inna tana can gefe tana jira a zo kanta. Ta hango direban nan, ɗan Yayarta, a bakin ƙofar zaure, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Da shi za su tafi yau.

Da aka zo kanta, ba aji ɗaya ne ya tashi ba, zauren ne gaba ɗaya. Ashe har tsofaffin ɗalibai sun zo, manyan mata da jakunkuna, wasu da goyo. Wata likita ta ce ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, Inna ce ta ɗaure ta a baya da zani ta kai ta asibiti a ƙafa. Wata alƙaliya ta ce Inna ta taɓa kama ta da burodi a cikin matashin kai, ta yanke mata hukunci ba ɗaukaka ƙara. Aka yi ta dariya, aka yi ta share hawaye. Ita ma Inna ta yi dariyar, tana riƙe da maganarta a ƙarƙashin harshe kamar ƙwayar magani.

Amma ba a miƙo mata abin magana ba. Shugaba ta ce kowa ya biyo ta. Aka sa Inna a gaba, yara suna waƙa a bayanta, aka zagaya bayan ɗakunan kwana, wurin wani sabon gini da aka ce mata rumbun ajiyar katifu ne. Ita da kanta ta sha kai wa maginan ruwa.

Shugabar ɗalibai ta durƙusa ta miƙa mata makulli.

"Inna, ɗakinki ne. Kin gama kwana a lungun nan mai yoyo."

Aka buɗe. Gado ne da katifa sabuwa fil, ga fanka, ga banɗaki a ciki don kada gwiwoyinta su wahala. An fasa wata 'yar taga da ke kallon cikin ɗakin kwanan ƙananan yara, wai ko wata ta yi kuka za ta ji ba sai ta tashi ba. Bangon kuwa, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, tafukan hannu ne da fenti, ja da shuɗi da rawaya, manya da ƙanana, ko'ina ka juya.

"Babu yarinyar da ba ta ɗauki bulo a kanta ba," in ji Shugaba. "Kowacce kuma ta sa hannunta. Mun ce ko tsufa ya zo, a nan zai same ki, a tsakiyar 'ya'yanki."

Sai a lokacin aka sa mata abin magana a hannu, tana tsaye a bakin ƙofar.

"Yara," in ji ta.

"Na'am, Inna!" Har tsuntsaye suka tashi daga kan rufi.

"Na gode. Na gode ƙwarai. Amma Yayata ba ta da lafiya."

Ai kuwa sai wurin ya ɗauka. Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya tashi kafaɗunta. Likita ta ce a ba ta sunan magungunan da Yayar take sha. Shugaba ta matso da bakinta kusa da abin maganar.

"Haba Inna, shi ne ba ki faɗa ba? Motar makaranta taki ce. Duk ƙarshen makon da kika so, a kai ki da safe, a dawo mana da ke kafin yamma."

Aka tafa, aka yi sowa.

"Ai ba maganar ziyara..." Inna ta fara. Mai Girki ta mintsine ta a baya, ta raɗa mata, "Ƙarasa mana, baiwar Allah!" Sai Inna ta ji an ja gefen zaninta. Wata 'yar aji ɗaya ce, cikin waɗanda ba a zuwa ɗauka, har yanzu da sauran shuɗin fenti a farcenta.

"Inna, in kowa ya tafi, a ɗakinki za mu kwana?"

Inna ta dubi yarinyar, ta dubi fuskokin da suka cika filin suna jiran jin daɗinta, ta waiga ta dubi bangon. Da zagi ne aka yi mata, da ta san amsarsa. Amma wa ya taɓa ture hannun da ya miƙo masa alheri a gaban mutane?

"Allah ya yi muku albarka," in ji ta.

"Amin!" Aka karɓe abin maganar.

Da taro ya watse, motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya da akwatuna a sama, Inna ta sami ɗan Yayarta a bakin ƙofar makaranta ya jingina da motarsa.

"Ɗaki ya yi kyau," in ji shi, bai dube ta ba. "Me zan ce mata?"

"Ka ce ina nan tafe. Bari yaran nan su ɗan ji daɗin abin da suka yi. In an dawo hutu zan sami Shugaba mu zauna."

"Bara ma haka kika ce, Inna."

Ya hau, ya tayar da mota. Maigadi ya ja ƙofa ya rufe, ya ce mata barka da arziki.

Shugaba ba ta saɓa alkawari ba. Bayan an dawo hutu, da aka gama karɓar sababbin yara aka kuma gyara motar makaranta, aka kai Inna da safe. Ta tarar da Yayarta a kishingiɗe, an yi mata wanka an shafa mata mai. Ta durƙusa ta kama hannunta mai lafiya.

"Yaya, ni ce. Na zo."

Tsohuwa ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon kirki.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. A ba ta ruwa mana. Daga nesa kike?"

"Daga makaranta."

"Af! Ƙanwata ma a makaranta take aiki, Auta. In kin koma ki ce mata ina nemanta."

Inna ta ce za ta faɗa mata. La'asar na yi, direban makaranta ya danna odar mota a waje.

Yayar ba ta kai ƙarshen wannan shekarar ba. Ɗanta yana nan yana tuƙinsa, yakan kira a gaisa jefi-jefi. Mai Girki ta ajiye aiki ba tare da ta sanar da kowa ba sai ranar tafiyarta, tana can wurin jikokinta. Shugaba ta sami ƙarin girma, an mayar da ita wani wuri. Yarinyar nan mai fenti a farce ta zama shugabar ɗalibai. Inna kuwa tana nan a ɗakinta, kuma duk ƙarshen shekara ana gode mata.