Zane na Tara a Bindigar Gunvor

Kafaɗata ta gaji da bindigata, sai na koma ga ta Gunvor, matata, domin tata ba ta da nauyi. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Maratayinta na fata ya yi mini gajere, kuma ban yarda a taɓa shi ba.

Eskil maƙeri ya zuba zobban rataya bindiga a tebur. "Ɗauki masu maɓalli, tsoho. Ka danna, maratayi ya fita. Ka yi farauta da naka, in ka dawo ka mayar da nata."

Ya auna ƙotar bindigar, ya dakata. Wurin hudawa ya faɗa kan na ƙarshe cikin zane tara da ke jikin itacen, kowanne na barewar da Gunvor ta kashe.

"In matsa ƙasa? Itacen zai iya tsagewa."

"Huda nan," na ce. "Wannan ba nata ba ne. A farautarta ta ƙarshe hannunta na rawa, ta kuskure. Ni na kashe, na ce ita ce."

"Ta yarda?"

"Ta bar ni na zana. Ta ce duk karatuna ban iya ƙarya ba."

Eskil ya huda. Saura takwas, duka nata.