Allurar Muzurun Don Belisario

"Ba haka ba, maƙwabciya! Lemo ne fa, ba marigayi mijinki ba. A hankali."

Don Belisario ne ya faɗi haka daga kujerarsa ta kicin, ya zuba wa hannuna ido. Ina tsaye riƙe da sirinji a dama, lemo a hagu, na riga na huda shi sau shida.

"Shekara arba'in ina riƙe da allura," na ce masa. "Kai ne za ka koya mini?"

"Waccan ta ɗinki ce, Herminia. Wannan mai rai za ki soka."

Mai ran yana kwance a kan firji yana hararata. Congrio ke nan, baƙin muzuru mai yagaggen kunne, wanda tsohon ya tsinto a kasuwar kifi ya raɗa masa sunan kifi. Ni da shi ba ma ga maciji tun ranar da ya mayar da tukwanen furannina banɗakinsa.

Gidana da na Don Belisario suna kallon juna a kan matakalar da ke hawa tudunmu a Valparaíso. Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka. Ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, matarsa Fresia ta rasu tuntuni, 'yarsa ɗaya, Maritza, tana aure can arewa a Antofagasta. Daga shi sai muzurun.

A watan Afrilu Congrio ya fara shan ruwa kamar ba gobe, yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, yana ci amma yana ramewa. Likitar dabbobi ta auna jininsa ta ce ciwon suga ne.

"Kin ji rashin adalci?" in ji tsohon da ya dawo. "Ni da nake zuba cokali uku a shayi lafiyata lau, shi da kifi kawai yake sata shi ya kamu."

Aka rubuta masa insulin, ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma. Mako guda ya yi yana yi da kansa, amma hannunsa yana rawa. Wata safiya allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen fatar, maganin ya zube a gashi. Ranar ce ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da lemo a aljihu, wai in koyi yin allura a kansa.

Ya koya mini kamar mai horar da sabon leburan tasha. Kwalbar maganin tana ƙofar firji kusa da man shanu. Ba a girgiza ta, murza ta ake yi a tafin hannu. A ja maganin zuwa layi na biyu, a ɗan ƙwanƙwasa sirinjin kumfa ta fita. Kowace rana sabuwar allura, tsohuwar a jefa ta a robar da ya ajiye mai murfi.

"Abu mafi girma," ya ce, yana ɗaga yatsa, "sai ya ci. In bai ci ba, kada ki yi masa, ki kira likita. Maimaita."

"Ba kurma ba ce ni, Don Belisario."

"Maimaita dai."

Na maimaita.

Haka muka shiga yi. Shi zai ɗora Congrio a cinya yana sosa masa haɓa, yana ba shi labarin jiragen da suka shigo, ni kuma in tsinko fatar bayan wuyansa in soka. Muzurun ko motsi ba ya yi. Amma in na matso shi kaɗai, ba hannun ubangidansa a jikinsa, sai ya buɗe baki ya yi mini huci. Bayan allurar yamma mukan zauna shan shayi da burodi da fiya, yana zagin ƙungiyar ƙwallonsa, ina zagin masu kawo ɗinki a makare. Cikin makonni kaɗan gashin Congrio ya soma sheƙi, kwanon ruwansa ya daina ƙarewa kafin rana ta take.

Wata Laraba da tsakar rana na ji ana buga mini taga. Na leƙa na ga tsohon ba hula, ba takalmi.

"Zo! Yana tangaɗi!"

Na tarar da Congrio yana ja da baya kamar mashayi, idanunsa sun tsaya cak. Likitar ta riga ta gargaɗe mu cewa suga kan yi ƙasa fiye da kima. Na lakato zuma da yatsa na goga masa a dasashi, muka naɗe shi a tawul muka gangara neman tasi. Aka ba shi taimako, aka rage maganin zuwa layi ɗaya, ya warware har ya yakushi likitar.

A dawowa ne na gane. Matakalarmu tamanin da huɗu ce zuwa ƙofarsa. A ta ashirin ya tsaya ya dafe bango. A ta talatin ya zauna. Leɓunansa sun yi shuɗi, numfashinsa yana fita da ƙara.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun Janairu. Zuciya ce. Sun ce ta gaji, ba abin gyarawa."

"To rawar hannun fa?"

"Ita ma gaskiya ce." Ya yi ɗan murmushi. "Amma na ƙara mata gishiri kaɗan."

Na zauna kusa da shi, muzurun yana barci a cinyata cikin tawul.

"Wato wayo ka yi mini, tsohon banza."

"Mijin Maritza asma gare shi, ba zai iya zama da kyanwa ba. Wa kike so in bar wa? Ke ce kawai a tudun nan ba kya makara."

"Ita ta sani?"

Ya girgiza kai.

"To ka ji," na ce. "Ka kira ta yau, ko kuwa gobe ka nemi wani ya soka masa."

"Ba za ki iya ba."

"Gwada ni."

Da yamma ina ja maganin ina jin sa a waya a ɗaki: "Ba komai, 'yata, ina so dai in gan ki." Maritza ta zo ta kwana goma. Ta wanke labulaye, ta yi kuka a kicin ɗina don kada ya gani, ta koma da niyyar dawowa ƙarshen wata.

Bai kai ƙarshen watan ba. Ranar sha tara ga Yuli, ana yayyafi, na buɗe ƙofarsa da mabuɗin da ya ba ni, bakwai saura biyar. Rediyo yana magana. Yana zaune a kujerarsa, ya yi aski, ya sa rigar sanyinsa, buta tana kan murhu bai kunna ba. Na kira sunansa sau biyu. Hannunsa da sauran ɗumi, amma ya riga ya tafi.

Na rufe masa ido, na yi masa addu'a, na kira asibiti, na kira Maritza. Ina ajiye wayar na ji kuka a ƙafata. Congrio ne zaune gaban kwanonsa babu komai a ciki.

Na zuba masa. Ya shinshina ya juya ya kalli kujerar.

"Ci mana," na ce. "Don Allah ci. Ka san dokar."

Na durƙusa ina ɗebo abincin da yatsa ina miƙa masa. Ya daɗe kafin ya lasa, sannan ya sunkuya ya cinye. Na murza kwalbar, na ja layi ɗaya. Ba wanda zai riƙe mini shi. Sai na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar kujerar tsohon, na jawo muzurun cinyata. Ya yi huci sau ɗaya. Na sa yatsa a haɓarsa, na ce masa wani babban jirgin kaya ya shigo da safen nan, ja ne, daga nesa. Ban ma leƙa tagar ba. Ya lumshe ido, na soka. Muna zaune haka ma'aikatan asibiti suka hawo, suna haki.

Bayan jana'iza Maritza ta tsallako da kwanonin, da kwalin sirinji, da kwalbar a cikin kofi mai ƙanƙara.

"Inna Herminia, in ya yi miki nauyi ki faɗa mini."

"Nauyin me? Ɓarawon kifi ne kawai."

Kwana uku ya yi a ƙarƙashin gadona, ba ya fitowa sai lokacin ci. A na huɗu ina yanka wani koren yadi a kan tebur, rigar bikin wata yarinya, sai ya yi tsalle ya hau, ya zaga sau biyu, ya kwanta a tsakiyarsa. Na ɗaga almakashi zan kore shi, na fasa. Na koma ɗaya gefen teburin na fara da hannun rigar.