Ranar da Sunan Ya Ɓace wa Balki

Gidan Zakari mai rake yana bakin garin Matameye, ta hanyar da ke fita Ɗan Barto. Shi da matarsa Balki Kirista ne a unguwar da kowa Musulmi ne, amma ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Suna, biki, rasuwa, duk da su ake yi. Balki kuwa ita ce uwar goyon unguwa. Duk macen da za ta niƙa ko asibiti, wajenta take ajiye ɗa.

Bayan girbin bara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ta tashi, amma hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Magana takan zo mata har bakin leɓe, sai ta juya ta koma. Za ta ce ludayi, sai ta ce tsintsiya. Zakari ya yi dariya, ita ma ta taya shi.

Dariyar ta ƙare ne wata Lahadi a 'yar majami'arsu mai rufin kwano. Aka ce Balki ta rufe taro da addu'a, kamar yadda ta saba. Ta lallaɓa har ta kai ƙarshe, ta ce, "A cikin sunan..." sai ta tsaya. Sunan Yesu, wanda take kira tun tana amarya, ya ɓace mata ɓat. Wata mata ce ta ƙarasa mata daga baya.

A cikin makon aka yi rasuwa a maƙwabta, ta je gaisuwa. Ta ji mata suna ta'azantar da juna, suna cewa marigayin ya cika da kyau, kalmar shahada na bakinsa har ransa ya fita. Balki 'yar Kurni ce, a gidan Musulmi ta tashi, wannan magana da ita aka yaye ta. Nan take gabanta ya faɗi. Ita da sunan ya guje mata tana zaune da ranta, ranar da mutuwa ta zo fa? In ta cika bakinta wayam, wa zai karɓe ta?

Daga ranar ta kama wata ɗabi'a. Ta zauna gindin darbejiya tana maimaita sunan a hankali, ba tsayawa, don kada ya sake kuɓuce mata. In an kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture, domin mai tauna ba ya kira. In gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura a firgice. Ta daina zuwa majami'a, ta daina karɓar goyo. Ta rame har zobenta na zamewa.

Zakari ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kira fasto. Fasto ya karanta mata, ta ce "to", ya fita ta ci gaba. Tsoron da ya shiga mutum tun yana ƙarami ba ya fita da wa'azin yini ɗaya.

Wata hantsi Nafisa maƙwabciyarsu ta yi sallama, da jaririnta Khalifa a kafaɗa yana tsala ihu. Mijinta ya tafi ci-rani Kano, ba ta da mai kama mata.

"Inna, ki rufa mani asiri. Injin niƙa ya cika, wannan kuma ya ƙi kowa."

Balki ta girgiza kai, ta nuna hannunta. Zakari da ke gefe yana wasa adda ya miƙe.

"Kawo shi nan, 'yata. Je ki abinki."

Nafisa ta miƙa shi ta fita. Zakari ya jijjiga yaron kamar mai auna damin rake, ihu ya ƙaru.

"Tsohuwa, angonki ya ƙi ni. Juyo bayanki."

"Hannu," in ji Balki.

"Ni ne hannun. Sunkuya."

Ta sunkuya ba da sonta ba. Ya ɗora mata yaron, ya jawo zane ya yafa, ya tattaro bakin ya ƙulle a ƙirjinta, irin ƙullin da yake yi wa kaya a amalanke.

"Kai, Maigida! Jaki ka samu?" Maganar ta fito mata tiryan-tiryan don haushi. "Ba a ƙulle sama. Soke shi ake yi. Ƙafafun... fito da ƙafafun. Ɗauko majanyi."

"Wanne ne majanyi kuma?"

"Ka haifi 'ya'ya har sun haifa, ba ka san majanyi ba? Ga shi can a igiya."

Ya ɗauko, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin yaron, ta nuna masa inda zai ja, ya ja. Ta miƙe tana ɗan rangaji a tsakar gida, tana bubbuga yaron da hannun hagu. Khalifa ya damƙi wuyan rigarta da hannu biyu, yana shessheƙa. Kaɗan-kaɗan kuka ya lafa. Yatsun suka saki, hannuwan suka zube gefe, kai ya langaɓe.

Zakari ya leƙa, ya ce da ƙarfi, "Af! Ya sake ki. Shi ke nan, zai faɗi."

"Rage murya. Barci ya yi."

"To ai ba ya riƙe da ke. Ko sunanki bai sani ba."

"Kai dai ka tsufa ba ka yi wayo ba. Da can shi ke riƙe da ni? Ni na goya shi."

Zakari ya koma ya zauna kan turmi yana kallonta. Balki ta yi taku biyu, ta tsaya. Nauyin yaron na bayanta, numfashinsa na dukan wuyanta da ɗumi. Sai ta lura tun shigowar Nafisa bakinta bai kira sunan ba ko sau ɗaya, kuma ga ta nan tsaye.

"Balki," in ji Zakari, murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da kika ba da gaskiya Yesu ya ɗauke ki, lafiyarki ƙalau, bakinki ya fi na kowa kaifi a Kurni. Amma ba don bakin ya ɗauke ki ba. Da jininsa ya saye ki, ya kuma yi alkawari ba mai fizge nasa daga hannunsa. Kina ganin ciwon da ya ci harshenki ya ci alkawarinsa? Ke da kike mutum, ba ki yar da ɗan maƙwabta don ya yi barci. Shi ne zai yar da ke?"

Hawaye suka zubo mata. Ta kai hannu za ta share, ta fasa, ta mayar da shi ƙarƙashin yaron.

"In na manta... a ranar?"

"Ki manta mana. Shi ya san naki."

Can ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda Zakari ya kwana biyu bai ji ta ja ba, ta lallaɓa ta zauna bakin tabarma yadda ba za ta ta da yaron ba.

Da Nafisa ta dawo da garinta a kai, ta miƙa hannu za ta kwance goyon. Balki ta kauce.

"Bar mani angona sai ya tashi. Ke dai je ki dama mani... wannan... mai nono."

"Fura, Inna?"

"Ita. Ki cika ƙwaryar. Wannan tsohon kada ki ba shi ko ludayi ɗaya, ɗaurin kaya ya yi wa ɗanki."