Gyara a Kwalbar Samiratu

A gidanmu ba a miƙa wa mutum mudu da giɓi. Mahaifina hatsi yake sayarwa a Dawanau, in ya auna sai ya ɗora gyara ko ba a roƙa ba. Ni da na girma na koma dillalin kaya a kasuwar Tianxiu, gadon da na taho da shi Guangzhou ke nan, sai sanƙo.

Ofishina na jikin na Mashud, mutumin zangon Akara mai tura kaya gida. 'Yarsa Samiratu tana digiri na uku a wata jami'a a nan garin, a kan wani tafki na ƙasarsu da tudun yashi ya raba da teku. Abin da take nema shi ne inda ruwan tafkin yake fitowa: nawa ne na teku, nawa ne na kogi, ko kuma akwai idon ruwa a ƙarƙashinsa. Ta taɓa yi mini bayani. Wai a cikin kowane ɗigo akwai ƙwayoyi masu nauyi da marasa nauyi, aisotof ake ce musu. Rana tana fara kwashe marasa nauyin, don haka ruwan sama daban, na rijiya daban, na teku daban.

"Kamar yadda kake gane Bazazzagi daga buɗe bakinsa, Baba Kallamu."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane.

Ranar da akwatin kwalaben ruwan tafkin da ta ɗebo da damina ya iso, Mashud yana kasuwar Shisanhang yana faɗa da wani laoban, wato mai shago, a kan wanduna, sai ni na karɓa. Na buɗe don in sa su a firji kamar yadda ta ce. Ƙananan kwalabe ne, kowace cike har wuya, an naɗe murfin da roba. Ɗaya ce kawai murfinta ya saki a hanya, ruwan ya sauka sosai. Na dube ta, ta dube ni. Yarinya ta shiga kwale-kwale cikin ruwan sama ta ɗebo abinta, a miƙa mata shi da giɓi? Na ɗauko butar alwalata na cike kwalbar, na ɗaure tamau. Har na goge ta da gefen riga.

Bayan wani lokaci ta shigo mana da rana, da ledar shinkafa da kifi, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Injin jami'a ya auna kwalaben, sakamako ya fito. A wuri ɗaya, tsakiyar tafkin, gishiri ya faɗi, ruwan kuma ya yi rashin nauyi. Idon ruwan da ta daɗe tana zato ke nan. Za ta kai wa malaminta, kuma a kansa za ta gina babin ƙarshe.

Mashud ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Mu 'ya'yanmu ruwa suke tonowa a cikin ruwa. Naku fa?"

"Namu suna gida suna cin abin da na tura. Amma ka gode mini. Ba don ni ba da kwalba guda a rage za ta isa."

Samiratu ta ajiye cokali. "Wace kwalba, Baba?"

"Mai jan rubutu a murfi. Ta zube a hanya, na gyara miki."

"Ka gyara."

"Na cike ta. Ba sai kin yi godiya ba."

"Da wane ruwa?"

Na nuna butar. Tana nan a gindin tebur, shuɗiya, ba ruwanta.

Ashe kwalbar tsakiyar tafkin ce. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna tana kallon butar, leɓenta na motsi kamar mai lissafi. Mashud ya dube ni, ya dube ta, sannan ya sassauta murya.

"Samira, wa ya sani? Mu uku ne a ɗakin nan. Kuma ai ke kin ce idon ruwan yana nan."

"Na ce ina zato, Baba."

"To zatonki ya yi daidai da na injin."

"Injin butar Baba Kallamu ya auna."

Na so in ce wani abu. A kasuwa in ka ɓata kaya sai ka musanya, in babu ka ce meiyou ka ba da haƙuri. Na tambaye ta ko a sa wani ya ɗebo wata kwalbar a turo, ni zan ɗauki nauyi. Ta ce ruwan da ke wurin yanzu na rani ne, rana ta riga ta sha rabonta. Na damina sai wata daminar.

"Ka ga da ka bar ta da giɓinta," ta ce a hankali, "da na san ta zube, na ajiye ta gefe. Cikar ce ta ruɗe ni."

Ta buɗe jaka ta ciro wata kwalba sabuwa. Ta durƙusa ta tsiyaya ruwan butata a ciki har ya tumbatsa, ta rufe ba ko kumfa, ta naɗe. A jikinta ta rubuta sunana. Ta ce za ta auna ta gani: in ruwana ya cinye bambancin duka, shi ke nan, in ya bar saura, akwai dalilin komawa wurin.

Ya cinye duka. Ta cire kwalbar daga aikin, ta gaya wa malaminta dalili, aka ɗaga kammalawarta zuwa baɗi. Mashud ya daina shan shayi a ofishina, sannan ya dawo, don nasa ba ya daɗi.

Ta kawo mini sakamakon ruwana. Ta ce ruwan saman ƙasar nan ne, wanda ya sauko ta kogi ya shiga famfo, babu ko ɓurɓushin wani wuri a cikinsa. Kuma tunda shi nake sha shekara da shekaru, yawancin ruwan jikina ma shi ne.

"Wato in an auna ni, ba za a ga Kano ba?"

"Sai dai in ka buɗe baki, Baba."

Da za ta tafi na zuba mata dabino a leda. Hannuna ya koma kwano zai ƙaro, na tsaya. Ta buɗe bakin ledar.

"Wannan kam ƙara."